Kilisar Mota da Kewar Ƙuruciya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da la'asar sakaliya, muna zaune a teburin mai shayin bakin titinmu sai ga ayarin 'yan ɗaukar amarya. Motoci sun fi goma, kowace ta kunna fitilu, ana ta danna hon. Can sai wani yaro a cikin wata jar mota ya fice daga layi, ya taka totur, ya fizgi birkin hannu. Motar ta juya kamar mazari, tayoyi suka yi kuka, hayaƙi ya turnuƙe. Mai ƙosai ta janye kaskonta tana salati.

Akwai wani dattijo a majalisar, tsohon ma'aikacin gwamnati, Baba muke ce masa. Ya bi su da harara har suka ɓace, sannan ya ce, "Allah ya shirya. Yaran yanzu ba tarbiyya, ba tsoron mutuwa. Da ni ke da iko, duk sai an kwana da su a caji ofis." Muka ce gaskiya ne, Baba.

Ba a yi minti goma ba, kofi na biyu na hannunsa, sai hira ta sauya. Baba ya shiga ba mu labarin shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashin Udoji, ya sayi Vespa sabuwa dal, wansa kuma ya fitar da Fijo. Kullum bayan magariba sai su wanke ababen hawan nan, su sa turare, su fito ta Ƙofar Mata, su ratsa Fagge, su leƙa bakin silimar Plaza, su zago, su sake komawa. Yana faɗa fuskarsa na haske kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Na ce, "Baba, to ina za ku a lokacin?"

Ya ce, "Ina kuwa, ɗana? Ba ko'ina. Zagawa kawai."

Wannan amsa ta Baba ita ta hana ni sakat duk makon nan. Ta tuna mini da wata ƙasa da ta mayar da tafiya ba ko'ina ta zama al'ada sukutum, ta yi mata finafinai, ta haramta ta, daga baya kuma ta dawo tana kuka da kewarta.

1. Tafiyar da ba ta da zango

A Amurka, daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1970, kusan kowane gari yana da titi ɗaya da matasa suka mayar dandali. A Detroit akwai titin Woodward. A Los Angeles akwai Van Nuys, inda daren Laraba ne babban dare, da kuma Whittier a gabashin birnin. A ƙananan garuruwa kuwa babban titin kasuwa ya wadatar. Da rana ta faɗi sai samari da 'yan mata su cika motoci, a riƙa tafiya sannu sannu, gilashi a sauke, rediyo a ƙure, a je ƙarshen titi a juyo. Ana gaisawa daga taga zuwa taga a bakin danja. Wani ya sauka daga wannan mota ya faɗa waccan. In an gaji a tsaya a gidan abincin da ake kawo wa mutum tire har bakin tagar motarsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Sunansa kilisa. Mai doki ba ya ɗaura sirdi da yamma don yana da saƙon da zai kai. Fita yake a gan shi, shi ma ya ga mutane. Bambancin kawai, nasu dokin fetur yake sha.

Abubuwa ne suka haɗu suka haifar da abin. Yaro yana samun lasin tuƙi yana ɗan shekara 16. Galan ɗin fetur, wato kusan lita huɗu, bai wuce santi 31 ba a 1962. Tsofaffin motocin kafin yaƙi sun yi arha kamar banza, yaro mai aikin hutu zai iya sayen ɗaya ya kwance ta a garejin gida, ya ɗora mata babban inji. Sannan iyalai sun watse zuwa sababbin unguwannin bayan gari, inda gida ya yi nisa da gida, ba dandali, ba majalisa, ba inda za ka taka da ƙafa ka iske tsaranka. Mota ce kaɗai ɗakin da yaro ke da shi wanda babu idon uwa ko na uba a ciki.

2. Dare ɗaya a Modesto

Fim ɗin da ya kama wannan rayuwa ya ajiye ta, har yau ba a yi kamarsa ba, shi ne American Graffiti, wanda ya fito a watan Agustan 1973. Daraktansa George Lucas ne, wanda duniya ta fi sani da Star Wars. An haife shi a 1944 a Modesto, wani garin manoma a jihar Kalifoniya, kuma ƙuruciyarsa kaf a kan titin nan ta ƙare. Burinsa ya zama direban tsere. A watan Yunin 1962, saura kwanaki kaɗan ya gama sakandare, wata mota ta daki 'yar ƙaramar motarsa a kusa da gidansu. Bel ɗin da ya ɗaura ya tsinke, ya yi waje, motar ta je ta nannaɗe da bishiya. Da bel ɗin ya riƙe shi, da wani labarin ake yi. A gadon asibiti ya haƙura da tsere. Wanda ya shirya fim ɗin kewar mota, ashe mota ce ta kusa aika shi lahira. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarin fim ɗin bai taka kara ya karya ba. Dare ɗaya ne tak, a ƙarshen hutun 1962. Abokai huɗu. Curt da Steve za su hau jirgi da safe su tafi jami'a, ɗaya yana ɗari-ɗari, ɗaya yana ɗoki, kafin gari ya waye kowa ya koma matsayin ɗan'uwansa. John Milner shi ne sarkin titi, da rawayar motarsa Ford ƙirar 1932 da ba a taɓa tsere mata ba. Sai Terry, ɗan tabarau, wanda ba shi da komai sai Vespa, aka ba shi ajiyar Chevrolet Impala ta 1958, ya kwana yana jin kansa wani ne. Curt ya hango wata mace a cikin farar Thunderbird a bakin danja, ta motsa leɓe ta wuce, ya kwana yana nemanta. Wani baƙo mai baƙar Chevrolet ta 1955, wanda Harrison Ford ya fito a matsayinsa tun bai yi suna ba, yana ta cigiyar Milner su gwada. Shi ke nan.

Kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan ɗaya ba, aka ɗauke shi cikin kimanin wata guda, kusan duk da dare. Manyan kamfanin Universal ba su so shi ba, har aka yi tunanin a tura shi talabijin kawai. Da ya fito sai ya tara sama da dala miliyan 100, ya shiga takarar Oscar a rukuni biyar. Wani abin dariya, a garin San Rafael aka fara ɗauka, hukumar garin ta janye izini saboda an toshe mata titi an hana 'yan kasuwa ciniki, dole aka kwashe kaya zuwa garin Petaluma. Ko kwaikwayon kilisar ma sai da aka kore shi.

Abin da ya fi burge ni a fim ɗin ba motocin ba ne, rediyon ne. Kowace mota tasha ɗaya ta kama. Muryar mai gabatarwa ɗaya, Wolfman Jack, wanda a gaske ya yi suna ne daga tashoshi masu ƙarfi na tsallaken iyakar Meziko, ita ke fitowa daga kowace taga, da waƙoƙi fiye da arba'in a jere ba hutu. Mai haɗa sauti, Walter Murch, ya riƙa kunna shirin a sarari yana sake naɗarsa, don a ji shi yana matsowa yana nisa yadda ake jin rediyon motar da ke wucewa. Sai garin duka ya zama kamar zaure ɗaya. Duk wanda ya tashi a lokacin da unguwa guda ke sauraron zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna, kowa na jiran a ambaci sunansa, ya san abin da nake nufi. Yau mutum huɗu a mota ɗaya, kowa da abin da ya toshe kunnensa da shi.

Me ya sa Amurkawa suka yi wa fim ɗin rubdugu? Shekara goma sha ɗaya ce kacal tsakanin 1962 da 1973, ba ta isa a kira ta "da" ba. Amma a tsakanin an harbe Shugaba Kennedy a 1963, an kashe Martin Luther King a 1968, an kwashi samari zuwa yaƙin Biyetnam, fiye da 58,000 ba su dawo ba, ga badaƙalar Watergate tana tafasa. Tallar fim ɗin tambaya ɗaya ta yi wa mutane, ina suke a 1962. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wata biyu bayan fitowarsa, a Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa suka rufe wa Amurka famfon mai. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, aka yi layi a gidajen mai, a farkon 1974 aka ƙayyade gudu kada ya wuce mil 55 a awa. Sai fim ɗin ya zama kamar hoton da aka ɗauki mutum ana gobe zai rasu.

(A nan ne labarin ya taɓo mu. Tsadar man da ta rage wa yaran Kalifoniya armashi ita ta cika baitulmalin Nijeriya, aka biya Udoji, aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Faɗuwar wani tashin wani. Vespar Baba daga can ta samo asali, ko da bai sani ba.)

3. Abin da kewa ke sharewa

Kewa ba maƙaryaciya ba ce, amma gwanar tankaɗe ce. Gari take riƙewa ta zubar da tsaki.

A yi wa Lucas adalci, bai ɓoye tsakin duka ba. Akwai wurin da Milner ya shiga jujin matattun motoci yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin waɗanda suka mutu a ciki. Shi kansa, a 1962 ɗin da ake kewa, ƙorafi yake cewa titin ya ragu, kiɗan ma ya lalace tun da mawaƙi Buddy Holly ya mutu. Wato ko a cikin zamanin da ake cewa na zinariya, akwai mai kukan wani zamanin da ya wuce. Da asuba aka yi tseren, baƙar motar ta kife ta kama wuta, Terry na yi wa Milner kirari, shi kuwa ya faɗa masa cewa ai an riga an wuce shi kafin hatsarin. Daga ƙarshe aka rubuta makomar kowa a allo. Milner, wani mashayi ya banke shi ya mutu a Disambar 1964. Terry ya ɓace a fagen yaƙin Biyetnam kusa da An Loc a Disambar 1965. Steve yana sayar da inshora a Modesto. Curt marubuci ne a Kanada.

To amma tambayi masu kewa, rawayar mota suke tunawa, ba allon ƙarshe ba. Suna manta cewa a shekarun nan motocin ba su da wata kariya, sai a 1968 doka ta tilasta sa bel a sababbin motoci, kuma a 1972 kaɗai mutum sama da 54,000 suka mutu a titunan Amurka. Mai ba da labarin daɗin jiya, wanda ya tsira ne. Wanda bai tsira ba, ba a jin ta bakinsa.

Akwai kuma waɗanda allon bai ambata ba. 'Yan mata uku ne suka riƙe rabin fim ɗin, ba a faɗi makomar ko ɗaya ba, kuma fitacciyar mai sharhin finafinai Pauline Kael ta caccaki Lucas a kan haka. Baƙar fata kuwa kusan babu su a titin, a Amurkar da a 1962 ɗin nan sai da aka tura sojoji kafin ɗalibi baƙi ɗaya, James Meredith, ya shiga jami'ar Mississippi. Su ma 'yan asalin Meziko, waɗanda suka fi kowa mayar da kilisar mota sana'a da ado, sai gefe aka ba su. Su nasu salon ba gudu ba ne. Sauke motar suke har ta kusa shafar kwalta, a yi mata zane kamar ƙwaryar amarya, a tafi a hankali. A ƙarshen shekarun 1950 Kalifoniya ta yi dokar hana sauke mota haka, sai suka ƙirƙiro famfon da ke ɗaga ta in an hango ɗan sanda, a sauke in ya wuce. Da aka yi fim a kansu, Boulevard Nights, a 1979, rigimar 'yan daba aka fi nunawa, kuma a wannan shekarar aka rufe musu titin Whittier. Abin da ake kira ƙuruciya in ɗan wani ya yi, shi ake kira ta'addanci in ɗan wani ne.

Darakta Richard Linklater ya gwada gyara wannan tankaɗen na kewa a fim ɗinsa Dazed and Confused na 1993, labarin ranar ƙarshe ta makaranta a wani garin Texas a 1976. Ya sha faɗa cewa ba don yabon zamanin ya yi shi ba, yaran ciki ma gundura ce ke cinsu, suna ganin an yi komai mai daɗi kafin su zo. Amma yau fim ɗin ya zama abin da ake kallo ana ajiyar zuciya. Da alama duk abin da ka haɗa da tsohuwar mota da tsohon kiɗa, ko zagi ne, sai ya koma yabo.

4. A hana, sannan a yi biki

Ga inda abin ya fi ba ni haushi da dariya lokaci guda. A shekarun 1980 garuruwan Amurka suka shiga kafa dokar hana shawagi. Ka wuce wuri ɗaya sau biyu ko uku cikin 'yan sa'o'i, tara ta hau kanka. Dalilansu ba na banza ba ne, akwai cunkoso, da shaye-shaye, da faɗa, motar asibiti ma ba ta samun hanya. Su wa suka zauna a majalisun da suka yi dokokin? Da yawansu tsaran Lucas ne, yaran 1962 da suka girma suka yi tumbi. Modesto da kanta ta hana a 1990. Shekara bakwai bayan haka ta kafa gunkin tagulla na saurayi da budurwa jingine da Chevrolet, a wani fili da ta raɗa wa sunan George Lucas. An kori mai rai, an gina wa hotonsa dandali.

A Detroit, tun 1995 ake bikin Woodward Dream Cruise duk Asabar ta uku a watan Agusta, motoci dubbai, 'yan kallo a cike da gefen titi. Ka duba masu tuƙin, furfura ce zalla. Motar da ɗan sakandare ya saya da kuɗin aikin hutu, yau sai attajiri. An mayar da abin gidan tarihi mai tayoyi, rana ɗaya a shekara, da izini, da 'yan sanda, da masu ɗaukar nauyi.

Sai a 2023 Modesto ta soke haninta, gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom kuma ya sa hannu a dokar da ta ɗage hanin a duk jihar daga farkon 2024, bayan doguwar fafutukar ƙungiyoyin masu saukakkun motoci. Madalla, amma ga yaran da aka yi dokar dominsu, ihu ne bayan hari. Wani bincike na Jami'ar Michigan ya nuna cewa a 1983 kashi 46 cikin ɗari na 'yan shekara 16 ke da lasin, a 2014 bai kai kashi 25 ba. Dandalin ya koma cikin waya.

5. Mu koma teburin mai shayi

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ba na goyon bayan yaron jar motar nan. Wasan mota a titin da ke da mai ƙosai da almajirai da 'yan makaranta ganganci ne, kuma kusan kowace unguwa tana da gidan da irin wannan ya jefa cikin makoki. In jami'an tsaro sun hana tseren mota da sukuwa a cikin jama'a lokacin salla, ban ga laifinsu ba. Ba kuma cewa nake a kwaso al'adar samari da 'yan matan Kalifoniya a juye mana ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da nake ja da shi shi ne rashin adalcin kewa. Baba bai yi kewar Vespa ba. Da ita yake kewa, da ya nemi wata a wajen 'yan gwangwan ya gyara. Abin da yake kewa shi ne garin da yake nasa, titin da in ya bi za a ɗaga masa hannu sau ashirin, maraicen da ba shi da wani aiki sai a gan shi. To wannan yunwar ita ce ke cikin yaron jar motar, ba ta canza ba ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne inda za a kai ta. Filayen ƙwallon unguwa an yanka su an yi shaguna. Silimun da Baba ke leƙawa yawancinsu sun zama rumbunan kaya ko kantuna. Dandalin gargajiya ya mutu, ba mu gina komai a gurbinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko zagayen banza ya fi ƙarfin ɗan talaka, sai ya jira ranar bikin wani, ya ari mota, ya juye ƙishirwar wata shida cikin minti biyu. Shi ya sa nasu ya zo da hauka, na su Baba ya zo da yanga. Ruwan da aka toshe wa hanya ba ya tambayar katangar wa zai kayar.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun ga jihohi na gina filin folo da na sukuwa saboda manya na so. Ban ga abin da zai hana a keɓe fili a bayan gari ba, da shinge, da motar asibiti, da ƙa'ida, a ce wa masu son juya mota ga wurinku, wanda ya yi a titi kuma a hukunta shi da hujja. Amurkawa sai da suka shafe shekara talatin da uku a Modesto kafin su gane cewa allon hani bai koya wa kowa tuƙi ba. Mu da muka zo daga baya muna da damar kallon fim ɗinsu har allon ƙarshe.

Jiya na sake komawa majalisar, na nuna wa Baba farkon fim ɗin a wayata. Ba ya jin Turancinsu sosai, bai kuma damu ba. Daidai wurin da Terry ya shigo harabar gidan abinci a kan Vespa, ta ƙwace masa ya je ya yi karo, sai Baba ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ɗage ƙafar wandonsa ta hagu. Wani dogon tabo ne tun daga gwiwa har ƙauri.

Ya ce, "Shataletale ne, 1976. Ni da wani abokina muke gwada wa zai riga wani. Ni na tashi. Shi Allah ya ji ƙansa."

Ya sauke wandon, ya miƙo hannu. "Mayar mini da shi baya, ɗana, in sake ganin rawayar motar nan."